Awon gubar atom a ruwan teku

1. Korgom da teku

Korgom gari ne na manoma da makiyaya a cikin gundumar Tasawa, jihar Maraɗi. Babu teku a Korgom, babu shi kuma a duk faɗin ƙasar Nijar. Mai son ganin teku sai ya nufi kudu, ya yi tafiyar da ta fi kilometir 900 kafin ya kai Legas ko Kwatano.

Duk da wannan nisa, akwai zumunci tsakanin Korgom da teku. Iska ce ɗan aikensu. Da bazara rana takan dafa ruwan tekun Atilantika, tururi ya tashi ya zama gajimare. Iskar kudu maso yamma ta koro gajimaren zuwa arewa, ya zubo a gonakin Korgom, Tasawa da Mayahi. Da wannan ruwa ake shuka hatsi, dawa, wake da gujiya. Da ɗari kuwa sai iska ta juya. Hunturu ya taso daga hamada, ya kwashi ƙura, ya bi ta kan garuruwa har ya zuba ta cikin teku.

Akwai kuma hanyar kasuwa. Gwangwanin sardin da ke kanti da kifin ƙanƙara da ake soyawa a tasha, daga teku suke fitowa. Saboda haka lafiyar ruwan teku ta shafi har wanda bai taɓa ganin sa ba.

2. Gubar da ido ba ya gani

In aka daka hatsi yakan zama gari. In da za a yi ta niƙa ƙwayar garin nan, ana raba ta, za a kai ga wani ɗan ƙanƙanen abu da ido ba ya gani. Shi ne atom. Ruwa, iska, dutse da jikin mutum duk da atom aka gina su.

Yawancin atom a natse suke, ba su canzawa. Amma akwai waɗanda ba su da natsuwa. Suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya fashe sai ya watsa tartsatsi. Tartsatsin atom ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Yana iya ratsa fata ya shiga jiki. In ya yi yawa ƙwarai yakan ƙona mutum, ya ɓata masa jini. In kuwa mutum ya daɗe yana shan ruwa ko cin abinci mai burbushin irin wannan atom, yana iya kamuwa da ciwon daji bayan shekaru.

Wani Bafaranshe mai suna Hanri Bekarel ne ya gano wannan tartsatsi a 1896, yana bincike a kan yuraniyom, ma'adinin nan da ake haƙowa a Arlit. Don haka aka sa wa ma'aunin sunansa. Yadda ake awon hatsi da tiya, ake awon tafiya da kilometir, haka ake awon wannan da bekarel. Bekarel 1 na nufin atom ɗaya yana fashewa cikin kowace daƙiƙa.

Ba duk tartsatsin atom ne aikin ɗan Adam ba. Tun fil azal akwai shi cikin duwatsu, cikin ƙasa da cikin ruwa. Litir ɗaya na ruwan teku yana da bekarel 12 na wani sinadari da ake kira fotasiyom 40. Jikin babban mutum ma yana ɗauke da wajen bekarel 4000 na wannan sinadari, mutumin kuma yana zaune lafiya. Abin da masana ke nema a teku shi ne ƙarin da ɗan Adam ya zuba. Babba daga ciki shi ne seziyom 137, wanda bama-baman atom da tashoshin lantarki na nukiliya ke haifarwa.

Seziyom 137 ba a ƙona shi, ba a kashe shi da tafasa ruwa. Lokaci kawai ke cin sa. Duk shekara 30 rabinsa yakan ƙare. In da yau akwai tiya 16, bayan shekara 30 saura 8, bayan shekara 60 saura 4, bayan shekara 90 saura 2.

3. Bam a hamada

Ran 13 ga Fabrairu 1960, Faransa ta fasa bam ɗinta na atom na farko kusa da Raggan, cikin hamadar Aljeriya. Lokacin nan saura wata shida Nijar ta samu mulkin kai. Ƙarfin bam ɗin ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Raggan tana da nisan fiye da kilometir 1500 daga Korgom, amma lokacin ɗari ne, iska kuwa ba ta san iyaka ba. Wata taswira ta sojan Faransa, wadda aka daɗe ana ɓoye ta, ta fito a jarida a 2014. Ta nuna gajimaren gubar ya kai Tamanrasat da Injamena cikin kwana guda, ya kai Bamako bayan kwana huɗu, ya kai gaɓar Sifen bayan mako biyu.

Mutanen Afirka ta Yamma sun ji tsoro, sun kuma yi fushi. Gana ta riƙe dukiyar Faransa da ke ƙasarta. Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairu 1961, bayan gwaji na uku. A ƙasashen biyu masana sun yi ta tara ƙura da ruwan sama suna aunawa, don su san abin da ya sauka a kan jama'a.

Faransa ta fasa bam 4 a sararin Raggan, ta fasa 13 a ƙarƙashin dutse a In Eker daga 1961 zuwa 1966. Daga nan ta koma tsibiran tekun Fasifik, ta yi gwaji 193 har zuwa 1996. Ba ita kaɗai ba ce. Amurka, Tarayyar Sobiyet, Ingila, Faransa da Sin sun fasa bam fiye da 500 a sarari tsakanin 1945 da 1980.

4. Yadda gubar ta shiga teku

In aka raba fuskar duniya kashi 10, kashi 7 teku ne. Saboda haka yawancin burbushin bama-baman nan a teku ya sauka, tare da ruwan sama da ƙura. Wannan ita ce hanya ta farko.

Hanya ta biyu shara ce. Daga 1949 zuwa 1982 wasu ƙasashen Turai sun jefa ganga fiye da 200.000 na sharar nukiliya cikin Atilantika, a wuri mai zurfin fiye da metir 4000. Sai a 1993 aka hana wannan aiki gaba ɗaya.

Hanya ta uku ita ce masana'antu da tashoshin lantarki da ke bakin teku. Shekara da shekaru, har zuwa 2023, yuraniyom na Arlit ya yi ta tafiya cikin manyan motoci zuwa Binin, a loda shi a jirgin ruwa a Kwatano, a kai shi Faransa. Can yakan ba da wutar lantarki. Ragowarsa a kai ta wata masana'anta a bakin teku, a La Hag, wadda ke sakin ruwan da ta yi aiki da shi ta cikin bututu, bisa ƙa'idar da hukuma ta sa mata. A Ingila ma an yi irinta, ta yi wannan aiki har 2022.

Hanya ta huɗu haɗari ne. Ran 1 ga Maris 1954 Amurka ta fasa wani ƙaton bam a tsibirin Bikini. Toka ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Dukansu suka kwanta ciwo, ɗaya ya rasu bayan wata shida. Aka zubar da kifi mai yawan gaske, masu sayar da kifi suka rasa ciniki. A shekarar nan Japan ta aika jirgin bincike don ya auna ruwan Fasifik. Cikin masanan Japan da suka yi suna a wannan aiki akwai mace, Saruhashi Katsuko. Ita da abokan aikinta sun nuna cewa ruwan teku yana ɗaukar gubar daga Bikini ya kai ta gaɓar Japan. Irin wannan bincike ya taimaka har aka sa hannu a kan yarjejeniyar 1963, wadda ta hana gwajin bam a sarari da cikin ruwa. Faransa da Sin ba su shiga ba.

5. Yadda ake awon

Masana sun fi sa ido a kan ruwan da ke saman teku, saboda dalili uku. Nan burbushi ke fara sauka. Nan hasken rana ke kaiwa, inda ƙananan tsirai ke girma, ƙananan kifaye su ci su, manya su ci ƙanana, mutum ya ci manya. Nan ne kuma ruwa ke gudu da sauri. Cikin teku akwai manyan hanyoyin ruwa masu kama da gulbi, suna ɗaukar kaya daga wata nahiya zuwa wata.

Ga yadda aikin yake tafiya.

Na ɗaya, ɗiban ruwa. Jirgi yakan tsaya a wurin da aka sa wa lamba a taswira. A ja ruwa da famfo a cika bido-bido masu tsabta. Gubar kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa ake ɗiban litir 20, ko 100, ko fiye. A jikin kowane bido a rubuta wuri, rana, zafin ruwan da yawan gishirinsa.

Na biyu, tacewa. A tace ruwan a fid da laka da ƙwari. Sannan a bi da shi ta cikin wani gari na musamman, wanda ke kama seziyom yadda mayen ƙarfe ke kama allura. Ruwa ya wuce, seziyom ya maƙale. Abin da ke cikin litir 100 ya taru a ɗan garin da bai cika tafin hannu ba.

Na uku, ƙidaya. A kai garin ɗakin awo, a sa shi cikin na'urar da aka kewaye da dalma mai kauri. Dalmar tana tare tartsatsin waje don kada ya ɓata lissafi. Na'urar tana ƙidaya tartsatsin ɗaya-ɗaya, kwana guda ko kwanaki. Kowane irin atom yana da tartsatsinsa daban, kamar yadda kowane garke yake da shaidarsa. Ta haka ake bambanta seziyom da fotasiyom.

Na huɗu, tabbatarwa. A raba ruwa ɗaya a aika wa ɗakunan awo na ƙasashe daban-daban, kowa ya auna nasa. In amsoshi sun zo ɗaya, an yarda da su. In sun saɓa, a sake.

Na biyar, maimaitawa. A koma wurin nan bayan wata guda ko shekara guda, a sake ɗiba. Awo ɗaya ba ya nuna ko guba na ƙaruwa ko tana raguwa. Mai gona ma ba ya sanin ko bana ta fi bara sai ya ƙidaya damman shekarun biyu.

Ban da ruwa, ana awon kifi, ciyawar teku da lakar ƙasan teku. Hukumar Kula da Makamashin Atom ta Duniya, wato AIEA, tana da ɗakin awon ruwan teku a Monako tun 1961. Tana tara sakamakon da ƙasashe ke samu, tana kuma koya wa masanan Afirka aikin.

Me awon ya nuna? Ana ba da lissafin ne a kan litir 1000, wato cikin tano biyar. A yawancin tekuna, seziyom 137 da ya rage daga zamanin bama-bamai bai wuce bekarel 1 zuwa 2 ba cikin litir 1000. Fotasiyom na halitta kuwa 12.000 ne cikin ruwan nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa ƙa'idar seziyom 137 a ruwan sha bekarel 10 cikin litir ɗaya, wato 10.000 cikin litir 1000.

6. Darasin Fukushima

Ran 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai tsanani ta auka wa Japan. Teku ya yi ambaliya, ya lalata tashar lantarki ta nukiliya da ke Fukushima. Guba ta tashi sama, wata ta kwarara cikin teku. A farkon Afrilu, a bakin tashar, seziyom ya kai miliyoyin bekarel cikin litir 1000. Aka dakatar da su a wannan gaɓa. Masunta suka zauna ba aiki.

Can ƙetaren teku, a Kanada da Amurka, mutane suka shiga tambaya: yaushe gubar za ta iso, kuma da wane ƙarfi? Masana suna da shaidar da za su bi. Tashar ta saki seziyom 137 tare da ƙanensa, seziyom 134. Shi wannan, rabinsa yana ƙarewa duk shekara 2. Na zamanin bama-bamai ya riga ya ƙare ƙarƙaf. Saboda haka duk inda aka ga seziyom 134 an san daga Fukushima ya fito, kamar yadda mai bin sau yake gane raƙumin da ya ɓata.

Jiragen bincike suka bi sawun. A 2013 aka gan shi kusa da ruwan Kanada, a 2015 aka same shi a bakin gaɓa. Amma kafin ya iso ya narke cikin ruwa mai yawa. Abin da aka auna wajen bekarel 10 ne ko ƙasa da haka cikin litir 1000, wato kashi ɗaya cikin dubu na ƙa'idar ruwan sha. Hankalin mutanen can ya kwanta. A Japan kuwa hukuma ta hana sayar da duk kifin da ya wuce bekarel 100 a kilo, aka yi ta awon kifi iri-iri kafin a sake buɗe su sannu-sannu.

Ran 24 ga Agusta 2023 Japan ta fara sakin ruwan da ta tara a tashar, bayan ta tace shi ta gauraya shi da ruwan teku. Akwai wani sinadari da tacewar ba ta fitarwa, sunansa tiritiyom. Maƙwabta, musamman Sin, sun yi ƙorafi. AIEA ta ɗebi ruwan, ta raba wa ɗakunan awo na ƙasashe da dama, don kowa ya ga lissafin da idonsa.

7. Ruwan sama, ƙura da rijiya

Shin ruwan saman da ke zuwa Korgom yana kawo seziyom daga teku? In tururi ya tashi, yakan bar gishiri a baya. Shi ya sa ruwan sama ba shi da gishiri, ko da yake daga teku ya taso. Seziyom ma haka yake zama a baya. Tiritiyom ne kawai ke bin tururi, don shi a jikin ruwan kansa yake. Rabinsa yana ƙarewa duk shekara 12. Ya yi yawa cikin ruwan sama a 1963, daga nan ya yi ta raguwa. Masana ruwa a Nijar har sun ci moriyarsa: da shi suke gane ko ruwan rijiya sabo ne da ya shiga ƙasa bayan zamanin bama-bamai, ko tsoho ne mai shekaru aru-aru.

Ƙura ma ta ba da darasi. A watan Fabrairu 2021 iska ta kai jar ƙurar hamada har Faransa. Aka auna, aka sami ɗan seziyom 137 wanda bai kai ya cutar ba. Mutane da yawa suka ce bam ɗin Raggan ne ya koma gida. Sai wasu masana suka bincika ƙurar da ta sauka a Turai a watan Maris 2022, suka ba da sakamako a 2025. Shaidar da ke cikinta ta manyan bama-baman Amurka da Tarayyar Sobiyet ce. Zato ya ce abu kaza, awo ya ce wani abu daban.

A Nijar, ruwan da ya fi bukatar awo shi ne na rijiyoyin da ke kusa da ma'adinai. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, a Akuta a 1978. An rufe ramin Akuta a 2021, amma tulin ƙasar da aka tace yana nan. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a wuri biyar a yankin Arlit, wani ɗakin awo na Faransa ya auna. Huɗu sun wuce ƙa'idar yuraniyom ta OMS. Ruwan nan garau yake a ido. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai akwai cibiyar da ke nazarin irin waɗannan atom. Aikin awo yana bukatar mai lissafi, mai haƙuri, mai tsabtar aiki, wanda kuma ba ya ƙara ko rage abin da na'ura ta nuna, ko da wani babba bai ji daɗin sa ba.

A riƙe

Gubar atom ba a ganin ta, ba a jin warinta. Na'ura kaɗai ke nuna ta.
Ana awon ta da bekarel.
Rabin seziyom 137 yana ƙarewa duk shekara 30.
Ana maimaita awo a wuri ɗaya, a kuma gwama shi da na wasu, kafin a yarda da shi.
Awo ke nuna inda ya kamata a ji tsoro da inda ya kamata a kwantar da hankali.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi Korgom ke hulɗa da teku?
2. Me ya faru a Raggan ran 13 ga Fabrairu 1960?
3. Ku kawo hanyoyi huɗu da gubar atom ta bi ta shiga teku.
4. Don me ake kewaye na'urar awo da dalma?
5. Yaya masana suka gane gubar Fukushima a ruwan Kanada?
6. Don me ruwan sama ba ya ɗauko seziyom daga teku?

Lissafi

1. A 1960 an auna bekarel 80 na seziyom 137 a wani fili. Nawa ya rage a 1990? Nawa ya rage a 2020?
2. Litir ɗaya na ruwan teku yana da bekarel 12 na fotasiyom. Nawa ke cikin bido mai litir 25?

Aiki

Ku narkar da cokali biyu na gishiri cikin ƙaramar tasa ta ruwa. Ku ɗanɗana. Ku ajiye tasar a rana har ruwan ya ƙafe. Me ya rage a gindin tasar? Ina ruwan ya tafi? Ku rubuta abin da kuka gani da ranar da kuka gan shi, yadda masu awon teku suke yi.